Ƙasar Garejin Munzali

Akuyar da ta gifta gaban Inna Barira a bakin lungu fara ce sol, amma gwiwoyinta na gaba baƙi ƙirin, kamar an tsoma su a tawada. Inna Barira ta bi ta da kallo, ta ce a ranta wannan kuma ina ta durƙusa, sannan ta gyara mayafi ta ci gaba da tafiya. Hankalinta ba a kan akuya yake ba. Ranar Litinin ce, ranar da aka ce tifofin gwamnati za su zo.

Duk wanda ya zauna Barkin Sale a shekarun nan ya san Inna Barira. Shekara ashirin da shida ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti, da ta yi ritaya kuma ba a bar ta ta huta ba, don mace na fara naƙuda a unguwar ƙofarta ake fara bugawa. Ita ce ta tara matan unguwa, Musulmi da Kirista, suka yi ta sintiri a sakatariya har aka ba su filin tsohon garejin kanikawa, domin su gina ɗakin haihuwa: ɗaki biyu, baranda, da rijiya. Kanikawan sun tashi tun shekara uku da suka wuce. An buga bulo, magini na jira. Abu ɗaya ya rage, shi ne sa hannun injiniyan ofishin kula da muhalli. In babu shi, babu izinin gini.

Injiniyan, Ndanusa, siririn saurayi ne mutumin Bida, mai tabarau da ƙarancin magana. Zuwansa na farko ya wuni yana huda filin da wani murɗaɗɗen ƙarfe, yana zuba abin da ya fito a kwalabe. Bayan sati uku ya dawo da takarda daga ɗakin gwaji.

"Inna, ƙasar nan ba ta da lafiya," in ji shi. "Baƙin mai ya ratsa ta, wannan kowa na gani. Abin da ba a gani shi ne dalmar batir. An daɗe ana fasa batir a nan ana zubar da ruwansa. Babba zai taka ya wuce. Abin tsoron jariri ne mai rarrafe, wanda duk abin da ya taɓa sai ya kai baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa."

"To, Banufe, sai ka ba ta magani mana," in ji Inna Barira. Kakanninta daga Katsina suka zo aikin jirgin ƙasa, don haka tun da ta ji sunansa ta ɗauke shi abokin wasa, kamar yadda Katsinawa da Nufawa suka saba. "Ko a bakin kogin naku maganin kifi kawai aka koya muku?"

Ya yi murmushi, ya ce maganinta a kwashe ta. A haƙa har zurfin ƙugu, a kai ta wani tsohon rami can a hanyar Kuta wanda aka shafe cikinsa da yumɓu, a rufe. Sannan a cike filin da jar ƙasa mai tsabta. "Ranar da na ga tifa ta ƙarshe ta tashi, ranar zan sa hannu. Amma a yi kafin ruwan farko. In ruwa ya same ta a tone, rijiyoyin unguwa za su sha, ni kuma dole in rufe fayil sai bayan damina a sake gwaji."

Aka yi gayya kwana huɗu. Maza da diga da shebur, hanci a ɗaure da ƙyalle, mata na kawo kunu. Ƙasar da aka tono ta zama tsibi wanda ya fi tsawon mutum, aka lulluɓe shi da tamfol aka danne da duwatsu. Tifa za ta zo Juma'a, sai aka ce sai Litinin. Inna Barira ta samu sararin tafiya Kpakungu sunan jikar ƙanwarta, ta kwana biyu.

Yanzu da ta karyo kwanar filin, sai ta tsaya cak. Babu tsibi. Abin da ya rage bai kai gwiwa ba. Tamfol kuwa an ninke shi tsaf, an ajiye a gefe, har da ɗora masa dutse kada iska ta ɗauke. Sawun baro ya fita daga filin ta kowace kusurwa, ya shiga lunguna.

Sara, mai gasa doya a bakin titi, wadda ita ce mataimakiyarta a ƙungiyar mata, tana can tana hura wuta ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Sara, ina ƙasata?"

"Inna, sannu da dawowa. Ya mai jego?"

"Mai jego lafiya. Ina ƙasata?"

Sara ta ajiye mafici. "Ciko ne fa, Inna. Wa zai ga ciko kyauta ya wuce? Damina na tafe, kowa da ramin da ke tara masa ruwa a tsakar gida. Kuma kin san gara ba ta kusantar abin da ya sha baƙin mai. Mutane suka ce ai zubarwa za a yi, gara a rage wa gwamnati wahala."

"Ba a gaya musu guba ce ba?"

"An gaya musu. Suka ce ai ba ci za su yi ba."

Inna Barira ta dube ta sosai. "Ke nawa kika ɗiba?"

"Ni? Daro biyu kacal. Gindin rumfar doya. Gara ta ishe ni, Inna."

Ana haka tifa biyu suka iso, Ndanusa na gaban ta farko. Ya sauko, ya dubi tamfol ninkakke, ya dubi sawun baro, sannan ya nemi dutse ya zauna ya cire tabarau yana gogewa.

"Da, a wuri ɗaya take," in ji shi a hankali. "Yanzu ta shiga gida-gida, inda yaran suke." Ya ce aron tifofin zuwa Alhamis ne. In ƙasar ta dawo duka kafin nan, magana na nan yadda take. In ba ta dawo ba, ba shi da abin da zai sa wa hannu. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda gajimare ya fara taruwa da yamma kwana biyun nan.

Mai unguwa Garba ya sa mai shela ya zaga lungu-lungu, cewa duk wanda ya ɗebi ƙasar gareji ya mayar. Aka wuni Talata, ko cokali ɗaya bai dawo ba. Inna Barira ta zauna a rumfar Sara tana kallon filin, ta gane dalili. Lokacin ɗiba kowa na ɗiba, babu mai kallon wani. Amma yanzu da aka yi shela, duk wanda ya fara turo baro ya ratsa unguwa da rana tsaka, ya sanar da kansa ke nan. Mutanen Barkin Sale za su iya kwana da guba a tsakar gida, amma ba za su iya wannan ba.

Sai ta tuna gidansu na ƙuruciya a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi. In abu ya ɓace, zobe ko ɗan kunne, mahaifiyarta ba ta tuhumar kowa. Takan ce duk wanda ke gidan, babba da yaro, ya fita ya damƙo ƙasa a hannu, ya zo ya zuba a bayan ɗaki, ɗaya bayan ɗaya. In an gama a tona tsibin, sai ga zobe. Wanda ya ɗauka ya mayar, kuma har abada ba a san shi ba.

Ta tashi ta nufi gidan mai unguwa. "Ranka ya daɗe, a sake shela. A ce gobe kowane gida zai kawo ƙasa, wanda ya ɗiba da wanda bai ɗiba ba. Kowa ya rufe kayansa da buhu ko tsohon zane. Kai za ka fara, sai liman, sai fasto, sai ni."

"Ni ai ban ɗiba ba, Inna."

"Shi ya sa za ka fara."

Mai unguwa ya sosa gemu. "To, in gaskiya za a bi, yaran gidan sun ɗan zuba a ƙofar zaure."

Laraba ba ta yi kama da ranar aiki ba. Tun da hantsi mai unguwa ya fito da baro rufe da buhu, yana turawa da kansa, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Liman na biye, fasto na biye da shi yana tsokanar sa cewa baron malam ya fi nasa nauyi, ko me ke ciki. Daga nan unguwa ta ɓalle. Mata da daro a ka, an ɗaure bakinsa da zane kamar kayan gara za a kai gidan amarya. Wani mai kalangu daga rumfar mahauta ya ji hayaniya ya zo, ya tsaya a bakin filin yana yi wa kowane baro kiɗa. In mutum ya juye nasa, sai 'yan kallo su kau da kai da gangan, suna dariya, wai ba su ga launin abin da ya zubo ba. Wata tsohuwa da ba ta da ko ramin da za ta cike ta kawo ƙasa a kwanon sha, ta juye, ta taka rawa biyu ta koma.

Kafin azahar tsibin ya wuce yadda yake a da. Ndanusa ya zagaya shi sau biyu da littafinsa a hannu.

"Inna, ni lodi tara na rubuta. Wannan ya kai goma sha biyar."

"Ka ci riba ke nan, Banufe. A garinku in an ba mutum ƙari kuka yake yi?"

"Mai kyau ta gauraya da marar kyau. Yanzu duka sai an kwashe."

"To a kwashe. Direbobinka sun ci doya?"

Sun ci, har sun ƙara. Shi kuma Ndanusa, da ya ga yadda abin ke tafiya, sai ya kawo tasa dabarar. Tifa in ta juye a rami, wofi take dawowa, kuma ta gaban inda ake haƙar jar ƙasa take bi. Ya ce a riƙa cikota, a zube a bakin titi, duk mai rami a gida ya ɗiba son ransa. Da wannan labari ya zaga, har waɗanda suka ɗan rage wani abu a bayan banɗaki suka koma suka kankaro.

Saura tabbatarwa. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gidajen mutane, don haka Inna Barira ce ta bi gida-gida da guntun sanda a hannu, wai ta zo gaisuwa. Babu tsakar gidan da ba ta taɓa tsugunawa a cikinsa ba. Tana tambayar lafiyar yara tana caka sandan a ƙasa, tana shinshinawa. In ta ji warin mai sai ta raɗa wa matar gida, "Gindin randa, 'yata," ta wuce. Kafin ta kai ƙarshen lungu sai ta ji ƙarar shebur a bayanta.

Gida ɗaya ne bai kawo komai ba, gidan Malam Munzali. Shi ne ya yi shekara talatin yana gyaran batir a garejin. Bai zo gayyar haƙa ba, bai zo ta mayarwa ba. Nasa ɗiban ma ba a ɓoye ya yi ba, baro ashirin ya kwasa da rana, ya cike daɓen sabon ɗakin da ya gina wa 'yarsa Rabi'atu, wadda ta dawo gida haihuwar fari. Har ya shafe da siminti.

Inna Barira ta same shi a zaure yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Suka gaisa, ta zauna a bakin tabarma.

"Na san abin da ya kawo ki, Sista," in ji shi. Tun tana asibiti haka yake kiranta. "A kan ƙasar nan na ci, na sha, na yi salla shekara talatin. Da ita na aurar da 'ya'ya biyar. Yau yaro mai tabarau ya zo da kwalba ya ce guba ce. To wa ya zuba gubar? Ni ke nan. Ni ne na lalata unguwa."

"Wa ya faɗi haka?"

"Ba sai an faɗa ba. An ɗaure hanci ana haƙa wurin zamana kamar mushe."

Ta kalli yadda sukudireba ke rawa a hannunsa, yana neman kan ƙusa yana kuskurewa. Ta san tun yaushe hannun ya fara haka, ta kuma san ciwon cikin da matarsa ke zuwa neman masa magani, duk aikin dalma. Ba ta ambaci ko ɗaya ba.

"Baban Rabi, a lokacin wa ya sani? Mu ma a asibiti akwai abubuwan da muka yi shekaru muna yi, daga baya aka ce a daina. Ba mu ce mun kashe mutane ba, dainawa muka yi."

"Na rufe da siminti."

"Na gani ta taga. Buhu nawa ka sa?"

"Ɗaya da rabi."

"Ɗaki guda? Kafin yaron ya iya zama simintin ya tsage. Kuma ka san yaro, inda ya tsage nan zai sa yatsa."

Labulen cikin gida ya motsa. Rabi'atu ce, da tulun cikinta, ta kawo wa Inna ruwa. Ta durƙusa da ƙyar ta ajiye kwano, ta yi kamar za ta koma, sai ta tsaya, kanta a ƙasa.

"Baba, ɗakin ya yi kyau wallahi. Sai dai in rana ta yi zafi warin yana tayar min da zuciya. Kwana biyun nan a ɗakin Umma nake kwana. Kunyar faɗa maka nake ji."

Malam Munzali bai dube ta ba, bai dubi Inna Barira ba. Ya mayar da kai kan rediyonsa. Inna ta sha ruwa, ta yi sallama ta fito.

A hanya Sara ta tare ta. "Ki yi shiru kawai, Inna. Injiniya ba zai shiga gidan ba. Tsibi ya ninka, wa zai ce saura baro ashirin?"

Inna Barira ta ci gaba da tafiya. Shekara huɗu take bin wannan takarda. Amma ita ce za ta karɓi haihuwar Rabi'atu, a wannan ɗakin mai baƙar ƙasa. Da ta isa filin ta ce wa Ndanusa, "Saura gida ɗaya." Alƙalamin da ya riga ya ciro ya mayar aljihu.

Alhamis da la'asar aka gama lodin ƙarshe. Filin ya koma ja wur, an baje an daddaɓe, har an kafa turakun harsashi. Mata sun riga sun dafa shinkafa tun safe, don ba wanda ya gaya musu akwai sauran magana. Direban tifa ya hau ya tayar da inji. Inna Barira ta aika masa da kwano na biyu, ya kashe inji ya sauko. Da ya cinye ta aika da mangwaro.

"Inna, in kika ƙara masa wani abu tifar ce za ta ɗauke shi, ba shi zai tuƙa ta ba," in ji Ndanusa.

"Kai dai ci naka. Ko sai an sa maka kifi?"

Sai aka ji kukan baro daga lungun masallaci, irin kukan tayar da ba ta ga mai ba. Malam Munzali ne. Bai rufe kayansa da buhu ba, bai rufe da zane ba. Baƙar ƙasa ce a fili, da ɓaraguzan siminti a kai, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya ratsa tsakiyar taron, ya juye a gindin tifa, ya juya.

Mai unguwa ne ya fara ajiye cokali, ya ɗauki baronsa ya bi bayansa. Fasto ya bi, samari suka bi da shebur. Abin da zai ci wa tsoho wuni guda, cikin rabin awa aka gama, baro na fita da baƙa yana komawa da ja. Inna Barira ta shiga ɗakin da sandanta. An haƙe shi har an tarar da ƙasar asali. Ta caka kusurwa huɗu, ta shinshina, ta fito. Rabi'atu na tsaye a ƙofar ɗakin uwarta tana dariya, ta ce Baba tun asuba yake fama, ya hana kowa taɓa diga.

Da ta dawo filin, Ndanusa ya dube ta, ta gyaɗa kai. Ya shimfiɗa fayil a kan murfin injin tifa, ya sa hannu a wuri uku, ya hura wa hatimi iska ya buga.

"Ga shi, Bakatsiniya. Kin wahalar da ni."

"Haihuwar matarka ta fari kyauta ce, in ka samu mai aurenka."

Sara ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa, mai kalangu ya ɗora. Takardar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu, har waɗanda ba su iya karatu ba sai sun shafa hatimin. Magini ya ce gobe da sassafe zai ja igiya. Tifa ta tashi, aka bi ta da tafi har bakin titi.

Inna Barira ta zuba shinkafa a kwano, ta zaɓi tsokar nama mai kyau ta ɗora, ta shiga neman Malam Munzali a cikin taron. Ta hango shi can gefen filin, wajen da rumfarsa take a da, yana tsaye yana kallon jar ƙasar da turakun. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya ɗora shebur a cikin baro, ya kama mariƙi, ya tura ya shige lungu.